Yadda Atlanta Braves ta auna 'yan wasanta a tsakiyar kakar 2021

Ranar 10 ga Yulin 2021, a birnin Miami na Amurka, Ronald Acuña Jr. ya daka tsalle zai cafke ƙwallon da Jazz Chisholm ya buga, ya sauko a kan ƙafarsa ta dama ba daidai ba, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Shekarunsa 23, kuma babu kamarsa a ƙungiyar besbol ta Atlanta Braves. A wasa 82 kawai ya riga ya buga homron 24, wato bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili ta faɗa waje. Washegari ƙungiyar ta buga wasanta na ƙarshe kafin hutun tsakiyar kaka, ta tafi hutun da nasara 44 da shan kashi 45. Tun da aka buɗe kakar a watan Afrilu ba ta taɓa kwana ko sau ɗaya nasarorinta sun fi asararta yawa ba.

Duk mai duba teburi a wannan makon zai ce ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Babban manajan ƙungiyar, Alex Anthopoulos, bai ce haka ba, kuma yadda ya yi lissafinsa ya cancanci a tsaya a kansa, domin da wuya a samu misalin da ya fi shi nuna abin da ake nufi da auna ƙungiya ana tsakiyar tafiya.

A babbar gasar Amurka kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga wajen farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kusan kullum, kuma ba a tashi canjaras. 'Yan wasa 26 ake yarda su sa riga a rana, daga cikin jerin mutum 40 da ke hannun ƙungiya, sauran suna ƙananan ƙungiyoyin reno ko suna jinya. A ƙarshen Yuli ko farkon Agusta ake rufe kasuwar musayar 'yan wasa, a 2021 ranar 30 ga wata aka rufe, kuma tun 2019 aka soke damar da ake da ita ta ƙara yin musaya a Agusta. Mai bin ƙwallon ƙafa zai tuna da kasuwar Janairu, sai dai a nan galibi ba kuɗi ake zubewa a sayi mutum ba, ɗan wasa ake bayarwa a karɓi ɗan wasa. Ƙungiyar da ke ganin tana da rabo a bana sai ta ba da matasanta ta karɓi gogaggu. Wadda ta fid da rai kuma sai ta sallama gogaggun, musamman waɗanda kwantiraginsu ke ƙarewa, tunda ɗan wasan da ya cika shekara shida a babbar gasa yana da 'yancin tafiya inda ya ga dama idan kwantiraginsa ya ƙare. Gara a karɓi matasa a kansa yanzu da ya tafi bayan kaka a tashi kusan hannu rabbana. A wannan Yulin Washington Nationals ta sallama Max Scherzer da Trea Turner ga Los Angeles Dodgers, Chicago Cubs kuma ta rabu da Anthony Rizzo da Kris Bryant da Javier Báez cikin kwana biyu. Ita ma Atlanta tana da kayan sayarwa in ta so, tunda majefinta (mai jefa wa mai bugu ƙwallo) Charlie Morton kwantiragin shekara ɗaya ya sa wa hannu, ga kuma Freddie Freeman da nasa ke ƙarewa a ƙarshen kakar.

Abin da ya hana ta sayarwa ya faro ne daga rashin yarda da teburi. Teburi yana faɗa maka wanda ya ci wasa, ba ya faɗa maka da tazarar nawa. Ƙungiyar da ta ci wasa ɗaya da maki 10 da 2, sannan aka ci ta wasa biyu da 4 da 3, teburi zai nuna ta a ƙasa, alhali ta ci maki 16 an ci ta 10. Wasan da aka rabu da tazarar maki ɗaya sa'a tana da babban hannu a cikinsa: ƙwallo ta dira taki ɗaya cikin layi ko wajensa, iska ta riƙe bugun da ya kamata ya tsallake katanga. Bill James, mutumin Kansas da ya fara yaɗa irin wannan lissafi tun ƙarshen shekarun 1970, ya nuna cewa jimillar makin da ƙungiya ta ci da wanda aka ci ta sun fi teburi iya hasashen abin da zai biyo baya. Hanyarsa mai sauƙi ce. A ninka makin da aka ci da kansa, a ninka wanda aka zura maka da kansa, a raba na farkon da jimillar biyun. Wanda ya ci 500 aka ci shi 450, lissafin zai ba shi nasara kusan 55 cikin kowane wasa 100. Atlanta a watan Yuli tana ƙasa da rabi a teburi, amma makin da ta ci ya fi wanda aka ci ta, kuma tazararta ta fi ta New York Mets da ke jagorantar rukunin Gabas da Atlanta ke ciki. Da aka kammala kakar ta ci maki 790 an ci ta 656, wanda a wannan ma'auni ya kai nasara 94 zuwa 95, ita kuwa 88 ta samu. Har ƙarshe teburi bai biya ta cikakken haƙƙinta ba.

Amma wannan lissafi kaɗai ba zai isa hujja ba, kuma a nan ne masu son lambobi kan yi gaggawa. Makin da aka tara daga Afrilu zuwa Yuli da Acuña aka tara su. Ƙungiyar da za ta buga Agusta da Satumba ba ita ce ta buga Mayu ba. Don haka dole a ajiye jimilla a gefe, a bi fili gurbi-gurbi a ga wanda ke tsaye a kowane wuri.

Cikin fili, inda mutum huɗu ke tsaron tasoshi, babu abin gyara. Freeman, gwarzon ɗan wasan National League (ɗaya daga lig biyu na babbar gasar) na 2020, ya fara kakar da sanyin jiki, har farkon Yuni matsakaicin bugunsa bai kai .250 ba, wato bai kai nasara 250 cikin kowane yunƙuri 1000 ba. Sai dai ƙarfin bugun nasa bai ragu ba, ƙwallayen ne ke ta faɗawa hannun masu tsaro, kuma mutumin da ya shekara goma yana bugu mai kyau ba a yanke masa hukunci da wata biyu. Ya gama kakar da .300 da homron 31. Austin Riley lamarinsa daban ne, domin shi ci gaba ya yi na zahiri: daga .239 a 2020 ya gama da .303 da homron 33. Ozzie Albies ya buga 30, Dansby Swanson 27. Samun mutum huɗun cikin fili kowannensu ya haura homron 25 a kaka ɗaya abu ne da ba safai ake gani ba. Duk wanda ke da wannan ginshiƙi bai kamata ya rushe gida ba.

Wajen majefa akwai rauni, amma irin wanda lokaci ke warkarwa. Mike Soroka ya sake tsinka jijiyar agararsa a watan Yuni, shi kam an cire shi daga lissafi. Huascar Ynoa, wanda ya fara kakar da kyau, ya karya hannunsa a Mayu da ya naushi benci don takaici, amma ana sa ran dawowarsa a Agusta. Ian Anderson yana jinyar kafaɗa, shi ma Agusta. Travis d'Arnaud, mai cafke ƙwallo a bayan mai bugu, ya ji ciwo a babban yatsa tun farkon Mayu, shi ma Agusta. Mai auna ƙungiya dole ya ƙirga waɗannan a matsayin sababbin 'yan wasan da za su iso ba tare da an biya komai ba, kuma ya bambanta raunin da ke da ranar warkewa da wanda ba shi da ita. Max Fried da Morton kuwa suna nan a kan gaba.

Ramin yana bayan fili, wurin mutum ukun da ke tsaron nesa, kuma rami ne mai zurfi. Duka ukun da suka buɗe kakar babu ko ɗaya. Acuña ya tafi tiyata. Marcell Ozuna ya karya yatsu a ƙarshen Mayu, bayan 'yan kwanaki aka kama shi bisa zargin cin zarafin matarsa, bai sake bugawa ba a shekarar. Cristian Pache, matashin da aka ba tsakiya, ya kasa bugu har aka mayar da shi ƙungiyar reno. Waɗanda suka rage su ne Guillermo Heredia da Abraham Almonte da Ehire Adrianza, mutanen da aka ɗauko don zaman benci, har da Orlando Arcia wanda asalinsa ɗan cikin fili ne aka tura shi can don babu yadda za a yi.

A ganina nan ne zuciyar al'amarin, kuma nan ne mafi yawan magoya baya kan ɓata lissafi. Tambayar da kowa ke yi ita ce wa zai maye gurbin Acuña. Amsarta babu, domin irinsa ba a sayar da shi a Yuli, in ma an sayar sai ka kwashe duk matasanka ka bayar. Tambayar da ta dace ita ce maki nawa ƙungiyar ke asara a gurabe uku gaba ɗaya, kuma nawa ne kuɗin rage wannan asara. Masu lissafin besbol suna auna ɗan wasa da wanda suke kira ɗan cike gurbi, wato irin wanda kowace ƙungiya za ta iya ɗaukowa daga ƙungiyar renonta a kowane lokaci, kuma kusan kowane maki goma da ɗan wasa ya ƙara a kan wancan suna ɗaukarsa nasara ɗaya ce. Nasarar da ka samu ta hanyar ɗaga gurbi daga mummuna zuwa matsakaici daidai take a teburi da wadda ka samu ta ɗaga shi daga mai kyau zuwa fitacce. Farashinsu ne ya sha bamban. Matsakaitan 'yan wasa suna da yawa a kasuwa, fitattu kuwa ƙalilan ne, kowa na rububinsu. Saboda haka ƙungiyar da rauninta ya taru a wuri ɗaya ta fi sauƙin gyara a kan wadda ko'ina nata dama-dama ne, ko da teburi ya nuna su kafaɗa da kafaɗa. Ita ta biyun duk inda ta taɓa sai ta sayi fitacce kafin a ga bambanci. Atlanta gurabe uku take da su da kowane lafiyayyen gogagge zai inganta.

Sai batun nisan tafiya. A 2021 ƙungiyoyi biyar ke wucewa wasannin Oktoba na neman kofi daga kowane lig: zakarun rukuni uku da wasu biyu mafi yawan nasara. Waɗannan kujeru biyu na ƙari sun yi wa Atlanta nisa, domin a lokacin rukunin Yamma ya mamaye su, inda San Francisco Giants ta gama da nasara 107, Dodgers da 106. Amma rukunin Gabas ba shi da gwani. Mets na gaba da tazarar wasa huɗu kacal lokacin hutu, ba ta cin maki da yawa, kuma majefinta Jacob deGrom, wanda ake ci maki 1.08 kawai a kowane zagaye tara (tsawon wasa ɗaya) da ya jefa, ya yi wasansa na ƙarshe na shekarar ranar 7 ga Yuli saboda ciwon hannu. Da a rukunin Yamma Atlanta take da wannan 44 da 45 ɗin, sayarwa ce daidai, kuma da ni ma abin da zan ce ke nan. 'Yan wasa ɗaya, teburi ɗaya, amma hukunci ya bambanta saboda maƙwabta.

Ranar 15 ga Yuli, kafin a dawo daga hutu, Anthopoulos ya karɓo Joc Pederson daga Cubs, ya ba da matashi Bryce Ball. Ya san Pederson tun zamansa a ofishin Dodgers a 2016 da 2017. Saurin da ya yi yana da ma'ana ga 'yan wasan da ke ɗakin sauya kaya, domin ya nuna musu ofis bai fid da rai ba. Ranar 30 ga wata ya ƙaro uku. Adam Duvall, wanda Atlanta da kanta ta saki bayan kakar 2020, ya dawo daga Miami aka ba da Alex Jackson. Eddie Rosario ya zo daga Cleveland yana jinyar ciwon tsokar ciki, aka ba da Pablo Sandoval, wanda Cleveland ta sallama nan take, alamar cewa albashi kawai take son saukewa. Jorge Soler ya zo daga Kansas City Royals aka ba da matashin majefi Kasey Kalich. Babu ko ɗaya daga manyan matasan Atlanta da ya fita. Abin da ta ɗauka shi ne nauyin albashi, kuma ta iya ɗauka ne saboda 'yan kallo sun dawo filin Truist Park da yawa bayan kullen korona, kuɗin shiga ya ƙaru.

Soler ne ya fi koyar da darasi. Matsakaicin bugunsa a Kansas City .192 ne da homron 13 a wasa 94, lambobin da za su sa a ce mutum ya ƙare. Amma shekara biyu kacal kafin nan, a 2019, ya buga 48, fiye da kowa a American League. Shekarunsa 29, ba tsufa ba ne. Tun 2015 akwai na'urori a kowane fili da ke auna gudun ƙwallo daga sanda da kusurwar tashinta, kuma sun nuna har yanzu yana dukan ƙwallo da ƙarfi. Filin Kauffman da yake bugawa a gida faffaɗa ne, yana haɗiye bugun da zai fita a wani wuri. A makonsa na ƙarshe a can ma ya fara fitar da ƙwallo waje a kai a kai. Matsakaicin bugu yana daɗewa kafin ya daidaita, domin ya dogara da inda ƙwallo ta faɗa da wanda ke tsaye a wurin, amma ƙarfin duka da iya bambance jifa mai kyau da marar kyau suna bayyana da wuri. A Atlanta ya buga .269 da homron 14 a wasa 55.

A kwatanta da San Diego Padres, wadda a wannan makon ta karɓo Adam Frazier daga Pittsburgh yana kan .324, yana cikin rabin kaka mafi kyau a rayuwarsa. A San Diego ya sauko .267, kusa da inda ya saba. Ga shi kuma ba can ne ciwon Padres yake ba, majefanta ne suka ƙare, ta rufta ta gama da nasara 79 da shan kashi 83. Ɗaya ta sayi mutum a ƙololuwar farashinsa, ɗaya ta sayi mutane huɗu a ƙasan nasu.

Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu nan take ba. Bayan hutu Atlanta ta yi wasa 18 a jere tana ci yau a ci ta gobe, kuma ranar 1 ga Agusta tana kan 52 da 55. Sai ranar 6 ga Agusta nasarorinta suka fi asararta yawa a karon farko. Daga nan ta ci tara a jere a waje, a Washington da Miami da Baltimore, ta hau kan rukuni a tsakiyar wata ba ta sake sauka ba. Mutum huɗun nan sun haɗa homron 44 a rigar Atlanta kafin kaka ta ƙare. Amfanin sayen huɗu maimakon ɗaya ya fito fili a Oktoba. Pederson ya taso daga benci ya buga homron biyu a kan Milwaukee. Da korona ta kama Soler ana tsaka da wannan karawar, Rosario ya karɓi gurbin buɗe bugu, ya yi bugu mai kyau 14 a wasa shida da Dodgers, aka ba shi gwarzon karawar. Soler ya dawo ya buga homron uku a kan Houston Astros a World Series, wato karawar ƙarshe ta cin kofi, aka ba shi nasa kambun, ranar 2 ga Nuwamba Atlanta ta ci 7 da nema ta ɗauki kofinta na farko tun 1995.

Duk da haka ba na son a auna hukuncin Yuli da kofin Nuwamba, domin yin hakan zalunci ne ga gaskiya. Babu lissafin da ya ce Rosario zai zama haka a mako ɗaya na Oktoba. Kuma ba duk cinikin ne ya yi kyau ba. Wanda aka fi biya da tsada a ranar 30 ga Yuli shi ne majefin canji (mai karɓar jifa ana tsakiyar wasa) Richard Rodríguez daga Pittsburgh, wanda aka ba da Bryse Wilson da Ricky DeVito a kansa. Lambobinsa na farkon kaka suna da kyau, amma tun da aka fara binciken majefa a ranar 21 ga Yuni don hana shafa abu mai danƙo a ƙwallo, juyawar jifarsa ta ragu. A Satumba aka yi ta fitar masa da ƙwallo waje, aka bar shi a gida lokacin wasannin Oktoba. Ofishin da ya hango abin da ke ƙarƙashin .192 na Soler shi ne ya yi ciniki a kan kyawawan lambobin Rodríguez duk da alamar da ta fara bayyana. Majefan canjin da suka riƙe Oktoba, Tyler Matzek da A.J. Minter da Luke Jackson da Will Smith, dama suna gida, kuma su ne magoya baya suka fi kuka da su a farkon kaka.

Abin da ya sa nake ganin hukuncin daidai ne tun ranar da aka yanke shi, shi ne ƙanƙantar abin da aka jefa cikin haɗari. Anthopoulos ya taɓa yin irin wannan karatu a Toronto a 2015, lokacin da Blue Jays ke kan 50 da 51 alhali ta fi abokan karawarta cin maki da tazara mai yawa. Ya ɗauko Troy Tulowitzki da David Price, ƙungiyar ta gama da nasara 93 ta shiga Oktoba a karon farko tun 1993, amma ya biya da matasan majefa irin su Daniel Norris da Matthew Boyd da Jeff Hoffman. Can yana da tabbacin ƙarfin ƙungiyarsa, sai ya zuba da yawa. A 2021 tabbacin bai kai haka ba, sai ya zuba daidai gwargwadonsa. Da Atlanta ta gama ta biyu a rukuni, ba ta rasa kowa da za ta yi kuka a kansa ba.

Mets ta yi akasin haka. Ta yarda da teburin da ya nuna ta a sama, ta ba Cubs matashi Pete Crow-Armstrong don wata biyu na Báez. Báez bai gaza ba, ya buga .299 a rigarta, amma mutum ɗaya ba zai toshe rashin deGrom da ƙarancin maki a lokaci guda ba. Ta shafe sama da kwana 100 a kan rukuni ta gama da 77 da 85, Báez ya wuce Detroit, Crow-Armstrong kuma ya shiga wasan taurari na 2025 a rigar Cubs.

Ita ma Atlanta ba ta kuɓuta daga ruɗin ɗan gajeren lokaci ba. Bayan kofin ta bar Soler ya tafi Miami, Pederson ya tafi San Francisco, ta riƙe Rosario da kwantiragin shekara biyu na dala miliyan 18. A 2022 ya sami matsalar ido har aka yi masa aiki, ya gama da .212 da homron 5. Ƙungiyoyinta na 2022 da 2023 sun fi ta 2021 ƙarfi nesa ba kusa ba, Acuña ya dawo, sun ci wasa 101 da 104, kuma duka shekarun biyu Philadelphia Phillies ce ta fitar da su a karawarsu ta farko ta Oktoba, wasa uku da ɗaya.